Injin da Muka Ajiye a Gidan Masunci

Mu biyar ne muka fara, duk samari, duk manoman shinkafa, gonakinmu a jere cikin fadama ɗaya ta wajen Auyo. Injin ban ruwa muke so. Masu ba da rance suka ce ba sa ba mutum ɗaya, sai ƙungiya, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa. In zubi ya tsaya, su ɗauke injin.

Ba don hikima muka ƙara na shida ba. Injin yana da nauyi, gonakin kuma suna ƙetaren ruwa. Akwai wani Babarbare masunci mai kwalekwale, ko kunya ɗaya bai taɓa nomawa ba. Shugabanmu Bafulatani ne, abokin wasansa, shi ya je ya same shi a bakin kogi.

"Kai bawana, taso ka yi wa iyayen gidanka dako."

"Ɗan Fulani da inji? Nono za ka tatsa da shi?"

Ya shiga ƙungiyar. Da rabonsa na rancen ya sayi sabuwar koma.

Ranin farko ya yi daɗi. Yau injin yana gonata, gobe a ta wani. Wanda ya karɓa shi ke kawo abinci, mu zauna a kan kunya mu ci a kwano ɗaya, mesa tana amai a gefe. Masuncin ya fi kowa loma. Har yanzu in na ji warin fetur ya haɗu da na ɗanyen laka, wannan kwanon nake tunawa.

Da damina ruwa ya zo. Shinkafa ta fara ɗaukar ciki, ya shafe ta gaba ɗaya. Mu biyar muka faɗi rana ɗaya, don wuri ɗaya muka shuka. Wa zai tsaya wa wa? Ma'aikacin masu rance ya zo a babur, ya tsaya inda hanya ta ƙare, ya dubi ruwan. Bai yi faɗa ba. Ya ce in wata ya mutu babu zubi, dole ya zo da mota.

Muna zaune jugum sai ga masuncin.

"Ku tashi, makoki ya isa. Kifi yana can yana kiwo a gonarku."

Haka muka shiga kamun kifi a kan gonakinmu. Ni da ban iya iyo ba na riƙe bakin kwalekwale kamar zan karya shi. Shugaba ya zame cikin ruwa, masuncin ya jawo shi da wuyan riga.

"Yau wane ne bawan wani?"

"Fito da ni tukuna, ma yi maganar a tudu."

Muka kama tarwaɗa da karfasa, muka yi banda, muka kai kasuwar Haɗeja. Motar ba ta zo ba.

Da shekara ta zagayo, ciyawar kacala ta toshe mashigar ruwan da yake kamun kifi, komarsa ta bushe a rataye. Mu kuma shinkafa ta yi. Muka yi masa zubi, ba wanda ya tsaya shawara.

Ranar da rance ya ƙare aka tashi gardamar gidan da injin zai zauna. Kowa yana gudun kada mai ajiya ya riƙa fifita gonarsa. Na ce a kai gidan wanda ba shi da gona. Aka kai.

Daga baya kowa ya ɗan samu, ya sayi nasa, aka daina zama a kwano ɗaya. Ba faɗa muka yi ba. Bara ƙanena ya kafa ƙungiya da abokansa, duk shinkafa, duk fadama ɗaya. Na ce su nemi masunci. Ya ce ai yanzu an yi gada.

Tsohon injin yana nan a zauren Babarbaren, an rufe shi da buhu. In nawa ya lalace, can nake zuwa. Ba ya ba ni sai na zauna na ci.