Ɗakin Bakin Zaure

Mahaifinmu mutum ne mai ajiyar takarda. Da muka buɗe adakarsa bayan sadakar bakwai, babu abin da ba mu gani ba: rasidin rediyon da ta lalace tun ina firamare, katin rigakafinmu mu uku, takardar asibitin da aka cire masa haƙori, har da tikitin jirgin ƙasan da ya kawo shi Kano daga Nguru yana saurayi. Duk ya ɗaure su da zare, kashi-kashi. Takarda ɗaya ce babu, ita ce kuma wadda nake nema. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yaya ba 'yar cikinsa ba ce. 'Yar amininsa ce, wani ma'aikacin tashar jirgi da ya rasu ya bar ta tana ƙarama, Baba ya ɗauko ta ya damƙa wa Innarmu tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Ita ta goya mu, ni da wana da ƙanena. Da mijinta ya rasu, ba ta kuma haihu ba, sai ta dawo gidanmu na Fagge, Baba ya ba ta ɗakin da ke bakin zaure ta kafa keken ɗinkinta. Bayan rasuwar Inna ciwo ya kwantar da shi, Yaya ce ta yi jinyarsa shekara da shekaru. Mu 'ya'yan ciki zuwa muke da ledar lemo, mu gaishe shi, mu tafi.

Ban san sau nawa na ji ya ce, "Ɗakin nan nata ne, ko bayan raina," ba. Ranar Sallah ma ya faɗa, dukanmu muna zaune muna cin tuwo.

Ni malamar makaranta ce, na kuma san 'yar riƙo ba ta cin gado sai in an yi mata wasiyya. Don haka wata Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi littafi mai bango mai kauri, na wuce gida. Na tarar da wana a wurin Baba. Na ce a rubuta komai: inda takardar gida take, wanda za a sanar a Nguru, sannan maganar ɗakin Yaya, Baba ya sa hannu, a kira maƙwabta biyu su shaida.

Baba ya dube ni ya ce, "Kin ƙosa in mutu ne?"

"Baba, ba haka ba ne."

"To rufe littafin nan. Ai kowa ya sani."

Wana ya yi dariya, ya ce boko ya yi min yawa, wai har likkafani zan zo in auna. Kunya ta kama ni, na rufe littafin na jefa a jaka. Wannan rufewar ce ban yafe wa kaina ba. A aji, yaro bai isa ya ce min ya yi aikin gida a zuciyarsa ba, amma a gaban mahaifina kallo ɗaya ya kashe min baki.

Bayan arba'in aka kira malamin da zai raba gado. Muna zaune a tsakar gida, Yaya tana ɗakinta, labule a sake. Malam ya tambaya ko mamaci ya bar wasiyya. Na kalli wana, yana kallon wayarsa. Na kalli ƙanena, yana kallon takalminsa. Sai na ce akwai, na faɗi maganar ɗakin.

Malam ya ce, "A rubuce take?"

Na ce a'a.

"To ku magada, kun ji ya faɗa?"

Wana ya gyara zama ya ce, "Malam, tsoho ne, yana faɗin abubuwa da yawa. Ni dai hira na ɗauke ta, ban ji wasiyya ba."

Hira! Mutumin da aka faɗa a gabansa loma tana hannunsa. Ashe tuni wani ɗan kasuwa ya taya gidan zai mayar da shi sito, shi kuwa ba ya sayen gida da mutum a ciki. Na tashi tsaye na ce wa wana, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, matar nan ita ta wanke maka kashi." Ya ce in iya bakina a gaban Malam. Ƙanena ya ci gaba da kallon takalminsa, wannan ya fi yi min ciwo. Ban ga laifin Malam ba, ya ce maganata ni kaɗai ba za ta hau kan rabon sauran ba. Duk mutanen da ake cewa sun sani, ranar ban ga ko ɗaya ba.

Yaya ta ji komai ta bayan labule. Ba ta yi rigima ba, ni na so ma ta yi. Ta share ɗakin tas, ta wanke daɓen, aka ɗora mata keken a kura. Na roƙe ta ta zo gidana, ta ce ba za ta zauna wa mijin ƙanwarta a ka ba. Sai ɗaki ɗaya na kama mata a Kwaciri.

Littafin nan yanzu ya kusa cika. Na rubuta inda kowace takarda tawa take, lambar buɗe wayata, wanda zai ɗauki littattafaina, da abin da na bar wa wanda ba zai gaje ni ba. Maigidana ma na tsare shi sai da ya yi nasa, maƙwabta suka sa hannu. 'Ya'yana suna cewa, "Mama, don Allah ki daina, ba kyau." Nakan ce su je Fagge su ga ƙofar ƙarfen da aka kafa a zaurenmu, sannan su dawo su gaya min abin da ba kyau.

Watan jiya na kai wa Yaya ziyara da littafin a jaka. Ta gan shi, ta ce, "Ni ma rubuta min nawa." Na buɗe sabon shafi. Ta ce keken a ba 'yar maƙwabciyarta da take koya wa ɗinki, tukwane da zannuwa a yi sadaka da su. Sai ta shiga murza bakin mayafinta.

"Ki sa da ɗakina na Fagge," ta ce. "Na san ya tafi. Ki dai rubuta cewa Baba ya ba ni."

Na rubuta. Ta dangwala yatsa, ni kuma na sa hannu a wurin shaida.