Ruwan da Na Ɗiba a Hanyar Wara

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, wallahi, da rana tsaka kuma. Shekarun baya ne, lokacin da na bar ƙauyenmu can arewacin Tawa a ƙasar Nijar na shiga yawon duniya, ina gyaran injin ban-ruwa, duk inda aiki ya ƙare sai in ƙara gaba. Na yi Ƙwanni, na yi Sakkwato, na ɗan zauna Jega, har damina ta riske ni a Yelwa ta Yauri.

Kai! Ranar da na sauka Yelwa kaina ya kusa juyewa. Ni da na tashi inda ake wuni a bakin rijiya ana jiran guga ɗaya, sai ga ni a garin da ake wanke babur da ruwan da zai shayar da garken raƙuma. Ko'ina kore shar, ciyawa ta fi ni tsawo, iskar kanta jiƙaƙƙiya, zafin ma ba irin namu ba ne mai tsaga leɓe, wannan manne wa mutum yake yi, riga ta liƙe a baya kamar an shafa mata koko. Sauro ya yi mini maraba yadda ya kamata, ban ji haushinsa ba. A kasuwa na ga kifin da sai mutum biyu suka ɗaga shi, na tsaya baki buɗe har mai kifin ya ce in rufe kada ƙuda ya shiga. Da na isa bakin babban tafkin da ke wurin kuwa, na duba ban ga ƙarshensa ba, sai na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba. Murna ce zalla, ban taɓa yin irinta ba.

An ce mini akwai aiki a Wara wajen masu shinkafa, in hau mota. Na ce mota ai na gaji da ita, ni jirgin ruwa zan hau, alhali ko a kududdufi ban taɓa iyo ba. Na shiga jirgin wani matuƙi mai suna Bawa, cike da mata da goyo da buhunan albasa, aka zaunar da ni kusa da wata tsohuwa, Inna Kulu, wadda ta dube ni na ƙanƙame katako ta ce, "Ɗana, sake shi hakanan, ba ya gudu."

To, ina da wata jarka ta roba da na naɗe da buhu, da igiya a wuyanta. Mu a wajenmu mutum ba ya wuce ruwa da jarka wayam, haka aka raine mu, kuma ruwan tawa ya ƙare tun safe.

Mun yi nisa cikin tafki sai Bawa ya kashe inji, kowa ya yi tsit, masu wasa da ruwa suka janye hannu, shi kuma ya ɗaga murya ya yi sallama, ga shi babu kowa a gabanmu sai ruwa. Ni na ɗauka hutu ne. Na leƙa gefena, abin mamaki, duk tafkin ja ne saboda damina, amma daidai inda nake ga wani ɗan zagaye garau, faɗinsa bai wuce bakin rijiya ba. Na ce Alhamdu lillahi, na zura jarkata. Kun san jarkar roba ba ta nutsewa in babu komai a ciki, amma wannan sululu ta tafi ƙasa kamar guga har igiya ta ƙare, kuma na rantse da Allah a lokacin na ji ana daka a can ƙarƙashi, lugude sosai irin na mata biyu, har da carar zakara. Na jawo ta cike, da sanyi kamar ruwan randa.

Bawa ya ja inji, ya ƙi tashi. Ya sake ja, shiru. Na tsallaka buhunan albasa na duba masa, sana'ata ce, ga mai ga wuta, babu abin da ya same shi. Aka sa filafilai, maza suka tuƙa har jijiyoyin wuyansu suka fito, jirgi ko motsi, kamar an ɗaure shi a turke. Ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara tura ruwa cikin jirgi, jarirai na kuka, mata na salati. Nan murnata ta koma ciki, na san in hadarin nan ya same mu a wurin, ni dai ko gawata sai an sha nema.

Bawa ya juyo ya ce, "Wa at taɓa ruwa? Ku hwaɗi gaskiya!"

Inna Kulu ta dubi jarkata tana ɗiga, ta dafe ƙirji. "Ɗana, nan ka ɗiba?"

Na ce, "Nan ne, Inna."

Ta ce, "Wanga wuri garinmu na. Nan aka haihe ni, kahin a yi madatsa a tare ruwa ya ci gari. An tashe mu, amma ba a tashi da waɗanda munka rufe ba. Rijiyar unguwarmu ce ka zura wa igiya. Ku garinku haka ake ɗibar ruwan mutane, babu sallama?"

Maganar ta doke ni, don a wajenmu babu rashin kunyar da ta kai wannan. Sai na yi yadda muke yi in mun iske rijiyar wasu. Na durƙusa a bakin jirgi, na yi sallama, na faɗi sunana da na mahaifina da garin da na fito, na ce ni baƙo ne, ƙishirwa ce ta sa, a yi mini haƙuri. Na juye ruwan kaf a inda na ɗebo shi, na kwance ɗan ƙullin dabinon da ya rage mini na guzuri na zuba a kai. Bawa ya ja inji sau ɗaya, ya tashi. Mun taka ƙasar Wara ke nan ruwan sama ya kece.

Muka fake a wata rumfa, na sa hannu zan gyara jarkata, sai na ji ta da nauyi. Ni na juye ta, ni na rufe ta, tsakanin ƙafafuna ta zauna har muka iso, amma ga ta cike har wuya, buhun jikinta na naso don sanyi. Na ce zubarwa zan yi. Inna Kulu ta riƙe hannuna, ta tsiyaya kaɗan a tafinta ta kurɓa, sai hawaye.

"Shi na," in ji ta. "Rabona da shi tun ina yarinya. Sha, ɗana, ka roƙa an ba ka. Mutanenmu ba su hana baƙo ruwa."

Na sha. Na sha ruwan ƙasashe da yawa bayan nan, ban sake jin mai daɗinsa ba. Sauran na bar mata har da jarkar, ta rungume ta kamar jariri ta shiga gari.

Na daɗe a ƙasar, na bi ta wurin ba sau ɗaya ba, ina yin sallama da ƙarfi har fiye da Bawa, amma ban ƙara ganin zagayen nan ba, kuma har yau ban san wa ya cika mini jarka ba. Abin da zan ce muku shi ne, in kun sauka baƙon wuri, komai daɗin da ya ɗebe ku, in kun ga mutanen gari sun yi shiru ku ma ku yi, kuma kada ku zura guga sai kun yi sallama. Ni dai ko yanzu in na ji lugude daga nesa, sai na tsaya na tabbatar daga sama yake fitowa.