Kula Mai Ɗigon Jan Farce

A lokacin ni matar gida ce a Malali, ba na fita sai biki ko asibiti. Boko ban wuce firamare ba, amma Allah Ya ba ni kunne: in na ji mutum sau ɗaya, zan kwaikwaye shi har tarinsa. Ƙanena kuwa ɗan wasan barkwanci ne, shi ke rubutawa, shi ke ɗaura zani ya fito a matsayin mace. Duk sanda kansa ya ƙulle sai ya zo ya ci tuwo, ni in yi ta zuba, yana rubutawa a waya.

Akwai maƙwabciyata, shekara sha biyar katangarmu ɗaya, ita ta yi jinyata a haihuwar fari. Ta taɓa gaya min, bayan ta sa na rantse, cewa miyar taushen da mijinta ke yabo a ofis ba ita ke yi ba. Daga Kurmin Mashi ake kawo mata, ta juye a tukunya, ta soya albasa don ƙamshi ya cika gida. Ranar da Shaiɗan ya hau harshena na kwaikwaya wa ƙanena ita kaf, har yadda take sharce gumin ƙarya. Na ce kar ya sa a wasansa, ya ce ko sunan unguwa ba zai faɗa ba. Bai faɗa ɗin ba. Amma da zai tafi ya ari kula a kicin ɗina, ashe tata ce da ta aiko min da dambu, mai ɗigo uku na jan farce a murfi, alamar da take yi wa kwanukanta kar su ɓata a biki.

Da bidiyon wasan ya fita, da kular a ciki, mijinta ya kalla a ofis, ya yi dariya har da hawaye, ya dawo gida yana nuna mata. A kallo na biyu ne ya tsayar da bidiyon, ya ƙura wa murfin ido.

Wata uku ba ta amsa sallamata. Na mayar da kular cike da cincin, ta riƙe kula ta maido cincin. Da na je na durƙusa, ta ce ta yafe, amma tunda bakina ya kashe mata miya, hannuna ne zai koya mata. Na koya mata. Sati biyu bayan nan ƙanena ya saki sabon wasa: wata mata mai manna kunne a katanga, sanye da zanina na zaman gida. Maƙwabciyar tawa ce ta cire masa shi daga igiyar shanya.

Na yi dariya, amma na san ba mu koma kamar da ba, don yanzu in na shiga sai ta sauya hira. 'Yan uwa mata, amanar da aka ba ki ba abin hira ba ce. In kuma akwai marubuci a danginku, ki ba shi tuwo, ki rufe baki, ki rufe kicin.