Hotunan Gonar Kawu

A gidanmu ba a faɗin inda za a je. Haka na tashi na tarar. In Inna za ta Damagaram ganin likita, sai ta ce wa maƙwabta za ta leƙa Kelle gaisuwa. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, ko rago zai kai kasuwa, cewa yake zai kai shi shan ruwa. Mu ba mu ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba, tsari ne daga bakin mutane. A wurin Inna, duk abin da aka ambata kafin ya tabbata ya lalace ke nan: in baki bai ci shi ba, wani mai dogon hannu zai riga ka.

Da wannan tarbiyya na gama karatun ordinata, wato kwamfuta, a Damagaram, na dawo Gure da diplom a cikin leda. Aiki kam babu. Na samu kujera a wani shagon fotokopi kusa da tasha, ina buga wa mutane takardun neman aiki alhali ni nawa ya gagara. Abin da raina ke so shi ne aikin injiniya mai koya wa na'ura, wato ka yi ta nuna mata misalai har ta iya gane abu da kanta. Irin wannan aiki ba a liƙa sanarwarsa a bangon ofis. Sai wani ya san ka, ya ga aikinka, ya ambace ka a inda ake nema.

Ina da abin nunawa kuwa. Damina biyu na yi ina hawa babur zuwa gonar kawuna a Gidigir, ina ɗaukar hoton zangarniyar hatsi da waya. Kawu na biye da ni yana cewa wannan lafiyayya ce, wannan tsutsa ta shige ta. Ni kuma in sa wa kowane hoto alamarsa. Da waɗannan hotuna na koya wa na'ura, har ta kai in ka nuna mata zangarniya za ta faɗa maka ko tsutsa ta kama ta tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Wallahi aikin ya yi kyau, ba don ni na yi ba. Amma ko kawu bai san abin da nake yi da hotunan ba. Ce masa na yi sha'awa ce.

Akwai wani gurup a waya na masu irin wannan sana'a, wasu a Yamai, wasu a ƙasashen waje. Shekara guda ina ciki ban taɓa cewa uffan ba. Kullum sai ka ga wani ya baje aikinsa a fili, kowa ya duba, kowa ya kwafa, ya kuma ƙara da cewa yana neman aiki. Kai jama'a! Ni sai in ji kamar mutum ya shanya kayan ɗakinsa a bakin titi. In na ga an yaba wa wani, sai in ce a raina, yabon nan da wata a ƙasa.

Wata Laraba da hantsi, ina tsakiyar buga wa wani tsoho takarda, waya ta yi ƙara. Abokin ɗakina ne na jami'a, wanda yanzu yake aiki a Yamai tare da wasu masu wannan harka. Shi kaɗai na taɓa kuskuren gaya wa labarin hotunan.

"Ɗan Gure! Kana raye, ko rairayi ya binne ka?"

"Ina nan, mutumina. Yau kuma ka tuna da talakawa?"

Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi damina. Sai ya sauke murya.

"Aikin hatsin nan naka, turo mini shi duka, har da hotunan."

"Na me?"

"Kai dai turo. Akwai wata magana, amma sai ta tabbata zan faɗa maka."

Nan take na fara zargi. Mutumin da ya yi wata biyar bai kira ba, yau ya kira da fara'a har kunne, yana son gumin damina biyu, kuma ba zai faɗi dalili ba? Na kwana uku ina juya maganar. Na tuna yadda yake da daɗin baki, yadda malamai suke son sa. Na tuna ranar da ya ari rigata ya je biki, aka yi ta yaba masa ita bai ce tawa ba ce. Dubi abin da na je na tono, don Allah, riga!

Na ɗan gutsura wa Inna zancen tana tankaɗe. Ba ta san na'ura ba, amma ta san mutane, ko in ce haka muke gani.

"Ya faɗa maka abin da zai yi da shi?"

"A'a, Inna."

"To kai ma kar ka faɗa masa naka. Amma kar ka hana shi kai tsaye, hani yana jawo gaba."

Abin da nake son ji ke nan. Ba zan ɗora mata laifi ba, domin dabarar da ta biyo baya tawa ce ni kaɗai, har ina jin daɗin wayona. Na kwafi aikin, na shiga hotunan damina ta biyu, na jujjuya alamominsu: lafiyayya na ce mai tsutsa, mai tsutsa na ce lafiyayya. Na sake koya wa na'ura da wannan gurɓataccen, na tura masa. Na ce in sata ce, ranar da ya tsaya gaban manya yana nuna shi a matsayin nasa, zai ji kunyar da ba zai manta ba. Ya amsa da godiya har da addu'a, na ce a raina, ka ji ɓarawo mai ladabi.

Bayan mako uku ya sake kira, muryarsa na rawa don murna. Shugabar ƙungiyarsu na neman injiniya guda, tana son magana da ni gobe da la'asar, ido da ido ta waya. Ashe maganar ke nan. Ashe tun kafin ya kira ni yake damun ta da labarina, aikin kuma da sunana ya miƙa mata.

Sai na tuna gurɓataccen da na tura. Ina da yini guda da zan kira shi in tura na gaskiyar. Na ɗauki waya ya fi sau goma ina ajiyewa. Me zan ce? Na ce a raina ƙila ma ba ta gwada ba, manya ba su da lokaci.

Washegari na roƙi mai shago ya bar mini lungun baya, inda rezo, wato layin sadarwa, ya fi ƙarfi. Na sa riga mai guga. Fuskarta ta bayyana, mace mai natsuwa da tabarau, abokina na zaune gefenta yana ɗaga mini gira. Ta yi mini tambayoyi, na amsa, har na ga tana gyaɗa kai. Ta ce tara hotuna a gona tare da manomi abu ne da mutane da yawa ba sa iya haƙurinsa. Raina ya fara kwanciya.

"Sai dai abu guda, malam," in ji ta. "Na gwada shi da hotunanmu, yana ta kiran lafiyayya mai tsutsa. Ni da abokinka mun yi kwana biyu muna neman inda matsalar take. Kai a ina kake zato?"

Da na ce zan duba, da ƙila na tsira. Amma son a san na iya ya riga hankalina fita.

"Hotunan damina ta biyu ne, madam. Alamominsu a juye suke."

Ta duba wani abu a gabanta, ta ɗan jima. Sannan ta cire tabarau.

"Haka ne. Amma ba ka buɗe komai ba. Yaya aka yi ka sani?"

Na ji ƙarar injin fotokopi a waje, na ji wani yaron mota yana kiran fasinjan Diffa. Abokina ya daina murmushi. Ya riga ta ganewa, domin ya san ni, ya san gidanmu. Ƙarya ta biyu ta zo mini har baki, na kasa fitar da ita.

"Ni na juya su, madam. Da gangan."

"Saboda me?"

"Na ji tsoron a sace."

Ba ta tambayi wa zai sace ba. Mutum guda na tura wa, kuma ga shi nan zaune kusa da ita, ya sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ƙwarewata ba ta da shakka a kai, amma a wurinsu kowa da abin da ɗan uwansa ya shirya yake aiki, ba ya sake binciken sa. Ba za ta iya sa mutanenta su riƙa bin bayan hannuna ba. Ta yi mini fatan alheri, hoton ya ɗauke.

Ina nan zaune a lungun, ban ko motsa ba, waya ta sake ƙara. Shi ne. Ba ɗan Gure, ba dariya.

"Ka san abin da na gaya mata? Na ce in aikinka bai yi ba, ta ɗora a kaina."

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Da ka ce ba za ka turo ba, wallahi da na fahimta. Amma ka zauna ka haƙa mini rami. Shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya. Faɗa mini tsakaninka da Allah, me ka taɓa gani a wurina?"

Na lalubi duk shekarun nan, lungu da saƙo, ina neman ko abu guda da zan riƙe.

"Ban ga komai ba," na ce.

"To," in ji shi. "Ka gaida Inna."