Baƙin Yashi da Gonar Ubana

Shekarar da ubana ya rasu na bi mutanen garinmu Kurfi cin rani haƙar kuza a Jos. Tsarinmu ɗaya ne tun kakanni: ka tafi bayan girbi, hadari na fara haɗuwa ka dawo gona.

A wannan shekara wani baƙin yashi da muke zubarwa in mun wanke kuza ya yi daraja. Wai Turawa na shirin yaƙi a can ƙasashensu, da shi ake ƙera jiragen sama. Abin da jiya shara ne, yau har mai gadi aka sa masa. Helumanmu, wato shugaban leburori, ya tara mu ya ce bana babu mai tafiya shuka, wanda ya tafi kuma kada ya sake dawowa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A garinmu gonar da ta kwana damina ba shuka, mai gari na iya ba wani ita, kuma na san masu haɗiyar miyau a kan tamu. Inna kaɗai na bari a gida.

Na ce masa, "Malam, yaƙin nan da wa ake yinsa?"

Ya ce, "Ina ruwanka?"

Na ce, "To, shi ne. Ba ruwana. Su ci yashin in ya nuna."

Na ajiye masa kwanon wankin kuza a gabansa na juya. Abokaina suka ce na yi wauta, ga arziki na gudu. Na ce kowa ya san inda rufinsa ke yoyo.

Mota ta sauke ni a Dutsin-Ma, daga nan na taka da ƙafa, ban ko biya gida ba, na zarce gona. Ruwa bai sauka ba tukuna, amma ga Inna a tsakiyarta. Binne take yi, shukar busasshiyar ƙasa, don kada a ce gonar ba mai ita. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara ɗaya na zuba iri. Ita kuwa sai ta sare layi da sungumi, ta dawo ta bi shi da ƙwaryar gero, tana rufewa da diddige. Tafin hannunta duk ya fashe.

Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. Ta miƙo mini sungumin ta ce, "An zo jiya ana auna ta da ido. Na ce musu ɗana na hanya."