Shanun Cikin Gajimare

Lokacin da muka buɗe ɗan ofishinmu a saman wani shago kusa da Ƙofar Kwaya, mu biyu ne kawai, ni da abokin aikina, sai wata fanka mai ƙara fiye da iska. Manhaja muke rubutawa, wato tsarin da kwamfuta ke bi ta yi aiki. Babban aikin da ke hannunmu na wani Alhaji ne mai shagunan maganin dabbobi, yana son abin da zai riƙa nuna masa wane ne ya sayi wane magani.

Ni ɗan gidan fawa ne. Mahaifina mahauci, kakana mahauci, ni ne na fara sauka daga layi. Shi kuma abokin nawa a ruga aka haife shi, can yamma da gari, sai da ya yi kiwo sannan ya yi boko. Ba ya kirana da komai sai Ɗan Fawa. Ni kuma in ce masa Arɗo don in ba shi haushi, amma ko a jikinsa. Ya fi ni haƙuri, ya fi ni iya aikin, kuma na san in babu shi ofishin nan ba zai kai labari ba.

Duk mai rubuta manhaja ya san halinta: ka gyara nan, can ta ɓalle. Shi ya sa ake rubuta gwaje-gwaje a ajiye. Duk sanda ɗayanmu ya ƙara wani abu, sai wani inji ya harhaɗa manhajar tun daga tushe, ya bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya. In komai lafiya sai alama ta fito kore, in akwai matsala ta fito ja. Da farko wata tsohuwar kwamfuta ce ke mana wannan aikin a ƙarƙashin teburina. Ana tsakiyar gwaji sai a ɗauke wuta, a koma farko. Ranar da na ji kaina ina zagin kwamfutar kamar tana ji, na ce ya isa, mu yi haya a gajimare.

Gajimare dai sunan da 'yan sana'armu suka sa wa injinan wasu manyan kamfanoni ne, waɗanda ake haya ta intanet. Ba ka taɓa ganin injin da idonka. Wannan abu ya daɗe yana ba ni mamaki, har yau ma bai daina ba. Na zauna ina duba irin injinan da ake bayarwa kamar yaron da aka saki a kasuwar sallah. Akwai mai ƙwaƙwalwa da yawa amma mai nawa, akwai mai sauri amma ba ya ɗaukar kaya. Akwai wanda ke zaune a Turai, akwai na kudancin Afirka, in ka zaɓi na nesa sai ka ji saƙonka yana jan ƙafa. Akwai ma wani iri mai araha da sharaɗin cewa in mai shi ya buƙace shi zai ƙwace ko kana tsakiyar aiki. Na yi ta tambayar kaina, wai wane irin ɗaki ne waɗannan abubuwa suke ciki? Wa ke share shi? In na kashe nawa, wa ake ba wa bayana? Abokina ya bar ni ina ta surutu, ya nuna wani matsakaici da yatsa ya ce wannan ya ishe mu. Shi muka ɗauka.

A cikin karance-karancen da muka yi kafin mu zaɓa, mun yi ta cin karo da wata shawara da masanan ƙasashen waje ke maimaitawa, wai ka ɗauki irin waɗannan injina kamar shanu. Na karanta na gyaɗa kai. Shi ma ya karanta ya gyaɗa kai, har da murmushi. Ganin mun yarda da abu ɗaya, sai na bar masa kula da injin, na koma kan rubutuna.

Aka ɗauki watanni alama ba ta fito ja ba sai jefi-jefi. Har ya raɗa wa injin suna, Mai Goshi. Na ɗauka don tana kawo mana sa'a ne. Da safe kafin ya taɓa komai sai ya leƙa ta, in na tambaye shi ya ce, "Ta kwana lahiya." Nakan yi dariya in wuce.

Sai ranar da muka kai manhajar shagon Alhaji don a gwada. Mai tsaron shagon ya buga sunan wani makiyayi, sunan da ya fara da harafin ɗa mai lanƙwasa. Babu. Ya buga wani mai ƙa. Babu. Mutanen nan suna ciki, mu muka shigar da su, amma manhajar ta rantse ba ta san su ba. To a shagon maganin dabbobi a Katsina, in ka cire masu irin waɗannan haruffa a sunansu ko sunan garinsu, wa ya rage? Alhaji bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi, "Malamai, ku tahi ku duba, ba sauri nike ba."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne muna da gwaji a kan haruffan nan, ni na rubuta shi, kuma kullum kore yake fitowa. Da muka koma ofis na yi hayar sabon inji fil, irin Mai Goshi sak, na sa shi ya yi gwajin. Ja. Na mayar kan Mai Goshi. Kore. Na sake, haka dai. Na juya na kalli abokina.

"Arɗo, mi ka ba ta?"

Nan ya fara lissafo mini, ba tare da wata damuwa ba. Wata rana ta yi tuntuɓe a kan haruffan, sai ya shiga cikinta ya gyara mata saitin harshe da hannu. Wata rana agogonta ya saɓa da namu, ya daidaita mata. Nan ya ƙara mata kaza, can ya cire mata kaza. Duk ciwon da manhajarmu ke da shi, sai ya yi wa injin magani, manhajar kuwa tana nan da ciwonta. Koren da muke gani na Mai Goshi ne ita kaɗai.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da birki. Na ce yau za a goge ta. Daga yanzu kowane gwaji sabon inji za a tayar, ya gama a kashe shi, kada wani ya kwana balle ya saba da mu.

Ya ce, a hankali, "In ka taɓa ta, sai dai ka ƙarasa aikin Alhaji kai ɗaya."

Ban taɓa jin ya yi irin wannan magana ba. Tsoro ya kama ni, don na san ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Amma haushi bai sake ni ba tukuna.

"Ba tare muka karanta ba? Kamar shanu aka ce!"

"To mi na yi in ba haka ba?"

Na dubi fuskarsa. Shi fa da gaske yake. Na ja kujera na zauna, haushin ya fara komawa son sani. Na ce ya gaya mini abin da ya fahimta da maganar.

Ya ce ai a bayyane take. Saniya ana sanin ta. Ana sanin uwarta da kakarta, ana sanin wadda ba ta son a tatse ta ta hagu, da wadda in ta yi shiru to ba lafiya. Kowace da sunanta, in ka kira ta a cikin garke ita kaɗai za ta ɗago. Da ya ga an ce a riƙe inji kamar shanu, sai ya ji daɗi, ya ce ashe mutanen nan sun san abin da suke yi.

Ni kuwa da na karanta, abin da na gani shi ne layin da ake shigowa da su mayanka da sassafe. Ba wanda ke tambayar sunan wata. Wadda ta zo ita ce, in ta wuce a kawo ta bayanta. Kuma abin da masu shawarar ke nufi ke nan, don su shanunsu lamba ake liƙa musu a kunne. Na yi masa wannan bayani. Sai ya tambaye ni:

"Wato su ba su san shanunsu ba?"

"Da alama dai."

"To mi ya sa suke kiwo?"

Muka yi dariya tare, amma tasa ba ta yi tsawo ba. Na tambaye shi ko sunan Mai Goshi ma daga can ya fito. Ya ce fassara ce, ainihin sunan da Fulatanci yake, na wata saniya mai fari a goshi wadda ya taso da ita. Na ce tana ina yanzu? Na daɗe da sanin cewa iyayensa sun dawo cikin gari, amma ban taɓa tambayar dalili ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Ya ce yana makaranta aka zo aka kore garken gaba ɗaya. Da ya koma gida, turaku kawai ya tarar.

Kunya ta rufe ni, da tausayi. Na ce a bar ta, mu ci gaba da hayarta ko ba ta aikin komai, a tayar da wasu su yi gwajin. Ya girgiza kai ya ce wannan wasan yara ne, kuma ni ke da gaskiya a kan aikin.

Kwanakin da suka biyo baya muka zauna tare. Yana tuno duk abin da ya taɓa yi mata, muna mayar da kowanne inda ya dace: na gyarawa a cikin manhaja mu gyara, na saiti mu sa shi cikin umarnin da kowane sabon inji zai bi da kansa in an tayar da shi. Na sha mamakin yadda bai manta ko ɗaya ba. Sannu a hankali sababbin injinan suka fara ba da kore, kuma a shagon Alhaji sunaye suka fito.

Ranar da ba sauran abin da za a ɗauka a jikinta, ana gab da la'asar, ya buɗe shafin da ake goge inji, ya turo mini kwamfutar gabana.

"Mu ba mu yanka namu da hannunmu. Aikinku ne, Ɗan Fawa."

Na sa hannu, na kasa. Na ce masa har yanzu fa ana iya fasawa.

"Yi abinka," in ji shi. "Wagga dai na san ranar da ta tahi, na kuma san hannun wanda ta tahi."

Ya ɗauki buta ya sauka ƙasa. Na jira har na daina jin takunsa a kan matakala, sannan na yi bisimilla na danna.