Haddata da Barcin Ɓeraye

Tare muka fara hadda da maƙwabciyata, a gidan wata malama da ke koyar da matan aure a nan unguwar Abu Hail, a Dubai. Ita 'yar zangon Kumasi ce, tana aikin goge-goge a wani otal daga la'asar. Ni kuwa ina gida, maigidana Alhaji na harkar kago, wato tura kayan 'yan kasuwa, a kasuwar Murshid Bazaar. Duk wanda ya gan mu zai ce ni ce mai lokaci. Amma ranar bita ita ke zubo surarta sumul, ni in kai tsakiya in tsaya ina kallon silin.

Abin da ya fi ci mini rai, ban taɓa jin tana bita ba, alhali bango ɗaya ya raba mu. Da mun dawo daga karatu sai in ji ta kunna esi, ta ja labule. Can sai minshari. Ni ko ina kicin ina tuƙa tuwo saboda baƙin Alhaji, 'yan kasuwar Kano da ke sauka a unguwar Al Ras, waɗanda suka gaji da biriyani. Muciya a hannu, waya jingine da kwalbar mai tana maimaita mini aya. Ido ya fara rufewa in buɗe shi da gahawa mai ɗaci. A tunanina sai an wahala hadda ke zama.

Na taɓa tambayarta a matattakala, "Yaya, wai yaushe kike bita?"

"Ei, Hajiya! Ina karantawa, ina kwanciya. Khalas, shi ke nan."

Na yi mata murmushin yaƙe, na shiga ɗaki. Sai ga malama ta ce duk wadda ba ta kawo surar da muke kai ba a bitar ƙarshen wata za ta tsaya da sababbin ɗalibai, sauran su wuce. Na hango maƙwabciyata a gaba, ni a baya da amaren da suka zo jiya.

A satin 'yar yayana ta zo mana hutu. Tana karatun ƙwaƙwalwa a wata jami'a a ƙasar nan, kuma da ɓeraye suke aiki, abin da ban taɓa son jin labarinsa ba. Ta same ni ina yanka kuɓewa ina sake aya ɗaya har muryata ta shaƙe.

"Gwaggo, wallahi ɓerayenmu sun fi ki gata."

"Ke, ni kike haɗawa da ɓera?"

Ta yi dariya ta karɓi wuƙar. Ta ce sukan koya wa ɓera hanya mai lungu-lungu har ya kai ga abinci. Idan ya kwanta barci, ƙwaƙwalwarsa sai ta riƙa sake bin hanyar nan ita kaɗai. Akwai wani sinadari da ke yawa a ƙwaƙwalwa lokacin da ake farke ana ɗaukar sabon abu, idan barci ya yi nauyi sai ya ja baya, a nan ne abin da aka koya ke samun hanyar wucewa ma'ajiyar da zai daɗe. Ɓeran da aka hana barci, ta ce, gobe sai ya tsaya a mararraba yana shinshine-shinshine.

"Kamar ni gaban malama ke nan."

"Ni dai ban faɗa ba, Gwaggo."

Na tambaye ta yadda ɓerayen ke kwana. Ta ce ɗaki mai sanyi, a rage haske, kuma ba mai buga ƙofa. Allah ya sani, a ranar har ɓerayen sai da na ji kishinsu. Ga kailula, barcin rana, da na sani tun islamiyya cewa sunna ce, na bar ta saboda miyar kuɓewa, ɓera da maƙwabciyata suna morewa.

Da Alhaji ya dawo na ce masa satin nan baƙinsa su yi haƙuri da biriyani.

"Hajiya, lafiya? Mutanen nan tuwonki ke kawo su Dubai."

"Barci zan yi, Alhaji."

Ya kalle ni ya kalli yarinyar, ya ce to, shi bai taɓa jin an ɗauki hutun barci ba, amma yalla, a je a hakan.

Ranar farko na dawo daga karatu, na ja labule, na kwanta. Ido biyu. Ta bango ina jin minsharin baiwar Allah, mai tsari kamar injin ɗinki, ni ina juyi ina tunanin wa ya san abin da baƙi ke ci. Sai da na bar gahawa sannan barcin ya fara yarda da ni. Wata rana na farka da kiran azahar, na ji bakina na motsi da ayar da ta daɗe tana guje mini.

Ranar bita na fara karantawa. Na wuce tsakiya. Dab da ƙarshe na yi tuntuɓe, na ɗaga ido, sai na ga leɓen maƙwabciyata na motsi a ƙarƙashin mayafi. Na sunkuyar da kai don kar in ɗauka a bakinta, na numfasa, ayar ta zo da kanta. Malama ta ce, "Masha Allah, kin wuce."

Sai ta juya ga maƙwabciyata. Ita ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba, tana gamawa ma ta yi hamma. Na ce mata barka, na rungume ta, ina karanta istigfari a zuci. A hanyar gida ta ce in aiko mata da tuwo idan na koma tuƙi. Na ce sai bayan kailula.